Motar Da Ta Ƙi Shan Kwana

Motar ta sake dukan katangar gada, karo na uku ke nan tun da Yaya ta shigo ɗakin. Gilashin na'urar wasan da ke hannun Baba ya yi ja, aka nuno babbar motar kaya ta karkace, hayaƙi na tashi daga gabanta. Baba ya ɗora na'urar a kan cinyarsa, ya sa hannun dama ya ɗauki na hagu ya ajiye a gefe, kamar mai kawar da kwanon da aka gama cin abinci a ciki.

"To kin gani da idonki," in ji shi. "Buga musu waya ki ce su ba wani gurbin. Ba zan je in ɓata wa mutane lokaci ba."

Jiya da yamma ne aka kira Yaya daga asibiti. Baba ya yi fashin zuwa gashin ƙashi ranar Asabar, ya kuma yi ranar Litinin. Dokarsu kuwa ba ta da kara: fashi uku a jere, a cire sunan mutum a ba na bayansa, shi kuma ya koma ƙarshen layin da sai an yi wata biyar ana jira. Yau Laraba, ƙarfe uku ne lokacinsa. Shi ya sa ta biyo gidan da sassafe da kayan ofis a jikinta, maimakon ta wuce wurin aiki.

Wata takwas ke nan da ɓarin jikin Baba na hagu ya shanye. Kafin nan ya yi shekara talatin da ɗaya yana tuƙa manyan motoci, kuma duk wanda ya zauna da shi minti goma sai ya ji cewa ko fentin motar wani bai taɓa gogewa ba. Da mai gashin ƙashi ta ba shi ƙwallon roba ya riƙa matsawa, sai ya wurga shi ƙarƙashin gado ya ce shi ba kyanwa ba ne. Yaya ce ta samo masa 'yar kwamfutar wasa ta hannu, mai gilashi a tsakiya da maɓallai hagu da dama, aka saka masa wasan tuƙin motar kaya. Yatsan dama na ba da totur. Babban yatsan hagu na juya ɗan sitiyari, manuniyar hagu na taka birki. Cikin wata huɗu hannun da ba ya riƙe cokali ya koma shan kwana da tirela. Gidan duka aka koma kiran na'urar motar Baba, kuma ba mai taɓa ta sai shi.

"Sai haƙuri, Baba," in ji ƙaninta daga bakin ƙofa, yana jingine yana danna waya. "Jiki da jini. Na karanta, an ce ciwon nan yakan dawo baya wani lokaci."

Yaya ta juya ta dube shi daga sama har ƙasa. Injiniya ake ce masa, kuma shi ya raɗa wa kansa. Shekararsa talatin da biyu, ya shiga kwas uku bai fita ta ƙofar ko ɗaya ba, amma duk abin da ke da waya ko batir a gidan nan sai ya sa masa hannu. Ya gyara fankar falo har ta koma juyawa baya. Ya gyara rediyon Baba, tun daga ranar tasha ɗaya take kamawa, ita ma da shaƙaƙƙiyar murya. Duk da haka bai taɓa yin kuskure ba a rayuwarsa, kayan ne kullum ba su da inganci.

Ta miƙa hannu ta ɗauki na'urar daga cinyar Baba.

"Ajiye min mota."

"Minti ɗaya, Baba."

Ta danna totur, motar ta tashi. Da gadar ta matso sai ta tura ɗan sitiyarin hagu iya ƙarfinta, ta danna birki har yatsanta ya yi fari. Motar ta wuce miƙe abinta ta rungumi katanga.

"Baba, ni ma ta ƙi juyawa! Ba hannunka ba ne, na'urar ce."

Baba ya yi wata 'yar dariya ta gefen bakin da ke motsi.

"Ke da ko keke ba ki iya ba? Uwata, wata takwas kuna ce min na samu sauƙi. Ranar da cokali ya faɗi daga hannuna a gaban baƙi, kuka ce na samu sauƙi. Abin nan shi kaɗai ne ba ya yi min ƙarya a gidan nan. Hannun dama na ba da totur tana tafiya, na hagu na juyawa ba ta ji. Me ya rage ki gaya min?"

Ya kwanta, ya juya fuskarsa bango.

Yaya ta fito da na'urar a hannu, ta kama rigar Injiniya ta ja shi har bakin kicin.

"Me ka yi mata?"

"Ni? Me zan yi mata?"

"Gilashin farko da ke fitowa in an kunna, da shuɗi ne. Yanzu baƙi ne. Me ka yi mata?"

Ya sosa ƙeya, ya leƙa hanyar ɗakin Baba, sannan ya rage murya. Wai tsarin da na'urar ta zo da shi na 'yan koyo ne, yana cin batir, yana ɗaure ta. Ranar Alhamis da Baba ke barcin rana ya goge shi, ya saka wani da duk masana ke amfani da shi. Ya mayar da wasan Baba yadda yake, ko tafiya ɗaya ba ta ɓace ba. Yana faɗin "masana" yana ɗaga haɓa, kamar da shi aka yi taron.

"Kuma maɓallan hagun suka daina aiki."

"Ƙaramar matsala ce. Ina kan bincike."

"Kwana shida kana bincike? Kwana shida yana zaton hannunsa ne ya sake mutuwa, kana tsaye kana ce masa jiki da jini?"

"Yaya, kin san halin Baba. Tun ranar farko ya tambaye ni ko wani ya taɓa masa mota, na ce a'a. Yanzu in koma in ce me? Don Allah kar ki gaya masa. Ki bar ni zuwa gobe."

Ba haushi ta ji ba, haushi ai na wanda kake ganin girmansa ne. Abin da ta ji shi ne irin abin da mutum ke ji in ya ɗaga tukunya ya ga kyankyaso a ƙasa. Ta saka na'urar da cajarta a jaka, ta rataya, ta fita.

A cikin bas ta kira manajansu ta ce ba za ta samu shigowa ba. Ya fara karanto mata jerin takardun da ke jiran bugawa, ta ce gobe ma takardu ne, ta kashe wayar. Direban bas ɗin matashi ne da ke taka birki kamar yana kashe kunama, kowace tsayawa sai kawunan fasinja sun gaisa da kujerar gaba. Da Baba na ciki, da tuni ya ce a sauke shi ya ƙarasa a ƙafa.

Ginin masu gyaran waya bene ne hawa biyu, shaguna a manne da juna, kowanne da lasifikarsa tana ƙoƙarin danne ta maƙwabci. Ta shiga shagon da ya fi kowanne girman allo. A allon an rubuta cewa ana gyaran waya, kwamfuta, talabijin, kamara da duk wata na'ura ta zamani. Mai gyaran na zaune bayan tebur, gaban sa cike da gawarwakin wayoyi, ya maƙala tabarau mai ƙara girman abu a goshi, da alama don ado.

Ta fara bayani, bai bari ta kai rabi ba. Ya karɓi na'urar, ya kaɗa ɗan sitiyarin hagu sau biyu, ya kai ta kunne ya girgiza kamar mai sayen kwakwa.

"Ya mutu. Sai an canja ɓangaren hagun gaba ɗaya. In babu a nan sai an yi oda, sati biyu." Ya kifa ta, ya jawo sukundireba.

"Dakata. Larabar da ta wuce yana aiki. Ranar Alhamis aka canja tsarin da ke tafiyar da ita, ya daina. Tsarin ne ya shiga ciki ya karya ƙarfe?"

"Madam, aikina ne wannan."

"Na sani. Tambaya na yi."

"Abin nan na wa ne? Na yaronki ne ko na maigida? Ki ce mai abin ya zo da kansa, zai fi gane bayani."

Ya riga ya ɗora bakin sukundireban a kan noti na farko. Yaya ta sa tafin hannunta ta rufe bayan na'urar, ta bar shi a wurin har ya ɗago kai.

"Mai abin ba zai iya zuwa ba. Ba ni kayata."

Ya tura mata ita da ɗan yatsa, yana murmushin da maza irinsa ke yi wa macen da ta yi tambaya biyu a jere.

"To ki hau sama, ƙarshen lungu, wurin mai sauke waƙoƙi. Wataƙila ta saka mata waƙa ta warke."

Maƙwabtansa biyu suka yi dariya. Agogon wayarta ya nuna sha biyu saura kwata.

Ƙarshen lungun ba shago ba ne, tebur ne ɗaya a ƙarƙashin taga, kusa da inda janareta ke kuka. Matar da ke wurin sa'ar Yaya ce, siririya, tabarau a fuska, gabanta kwamfutoci biyu a buɗe. Ba ta da allo. Ta saurari bayanin har ƙarshe, abin da Yaya ba ta samu ba tun safe.

"Wa ya turo ki?"

"Mai babban allon nan na ƙasa. Ya ce ya mutu."

"Ya buɗe ta?"

"Na hana shi."

"Kin kyauta wa kanki. Su sai sun farke cikin abu sannan su tambaye shi inda ke masa ciwo. In sun gama ɓarna su turo min, su ce mai sauke waƙoƙi." Ta jona ƙaramin allon rubutu a jikin na'urar, ta danna 'yan maɓallai, wani jeri ya fito a gilashin. Ta nuna da farce. "Duba nan, 'yar'uwa. Wannan jerin abubuwan da sabon tsarin ke gani ne a jikinsa. Kin ga maɓallan wasa a ciki?"

"Ban gani ba."

"Ai babu. Shi a wurinsa maɓallan nan maus ce, irin wadda ake jan kibiyar kwamfuta da ita a ofis. Ɓangaren dama yana motsa kibiya yana dannawa, wasan kuma ya ɗauki dannawar a matsayin totur, shi ya sa motar ke tafiya. Na hagu kuwa yana ta magana, babu mai jin yarensa. Tsohon tsarin an gina shi ne da sanin maɓallan nan. Wannan sai an saka masa wata 'yar manhaja da za ta gabatar da su. Duk inda ake koyar da canja tsarin, a shafi na biyu ake rubuta haka. Wanda ya yi aikin nan shafin farko kaɗai ya karanta."

"Haka yake karanta komai."

"Mijinki?"

"Ƙanina."

"Allah ya ƙara haƙuri. Miji ai ana iya rabuwa da shi."

Yaya ta ji dariya ta kufce mata, ta farko a ranar. Sannan ta gaya mata na wa ce na'urar, da abin da zai faru ƙarfe uku. Matar ta cire tabarau ta goge da gefen mayafi, ta mayar.

"Abin da ya fi shi ne a mayar da tsohon tsarin, amma wannan sai magariba. Bari mu yi na gaggawa."

Na gaggawar ma bai yi gaggawa ba. Sabis ɗin intanet na ginin kamar ana ɗigo shi da cokali. Manhajar ta sauka zuwa kashi saba'in da ɗaya ta tsaya cak, ta yi minti goma a wurin, sannan ta koma farko. Yaya ta jona musu sabis ɗin wayarta, ta tsaya bakin taga ta ɗaga wayar sama kamar mai tsayar da mota. Daga nan tana hango mai babban allo a ƙasa, yana farke wayar wani bawan Allah da ke tsaye yana gyaɗa kai cikin girmamawa.

Ƙarfe ɗaya da minti ashirin manhajar ta gama sauka. Matar ta saka ta, ta kashe na'urar ta kunna, ta buɗe wani shafi mai zanen na'urar kanta, da kowane maɓalli a wurinsa.

"Wannan shafin gwaji ne. Duk wanda kika danna zai yi kore."

Yaya ta danna birki. Babu abin da ya yi kore. Ta sake dannawa.

"Kwantar da hankali, saura abu ɗaya. Juya bayanta. Kin ga ƙananan maɓallai biyun nan, ɗaya a hagu ɗaya a dama? Danna su tare ki riƙe, ki ƙirga biyar. In kika saki ɗaya kafin biyar, sai a sake."

Ta danna ta riƙe. A kan biyar na'urar ta yi 'yar girgiza a tafin hannunta. Ta tura sitiyarin hagu, ɗigon kore ya bi yatsanta. Ta danna birki, ya yi kore shar.

"Amma ki sani," in ji matar, "duk lokacin da aka kashe ta aka kunna, za ta koma maus. Sai an sake riƙe biyun nan. Ba zai daina ba sai ranar da kika kawo min ita na mayar da tsohon tsarin. Yau dai ki bar ta a kunne har ki isa gida."

Yaya ta sallame ta, ta karɓi lambarta, ta sauko da sauri. Da ta zo wucewa ta gaban babban allo mai gyaran ya ɗaga murya ya ce, "Madam, an saka waƙar?" Ko juyawa ba ta yi ba.

Bas ɗin komawa ya maƙale a cunkoso wajen shataletale. Yaya ta zauna da na'urar a cinya, gilashin na haske, tana kallon zanen maɓallan. Ta san abin da zai faru in ta miƙa wa Baba ita a haka. Zai ce an sauƙaƙa masa wasan. Zai ce ta je ta sa an yi wata dabara motar na juya kanta, don a lallashe shi kamar yaro. Wata takwas suna yi masa ƙaryar tausayi, ita ma da hannunta a ciki, yanzu ko gaskiya suka kawo ba ta da wurin zama. Ta juya na'urar ta dubi ɗan maɓallin baya na hagu. Ƙarami ne, mai tauri, kuma da yatsan tsakiya ake kai masa, yatsan da Baba bai taɓa amfani da shi a wasan ba. Ba ta san ko zai iya riƙe shi har biyar ba. In ya kasa, ta ƙara masa hujja da hannunta.

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta danna maɓallin kashewa, gilashin ya yi baƙi.

Ƙarfe biyu da minti goma ta iso gida. Injiniya na bakin ƙofar gida yana jiran ta.

"Me suka ce? Sitiyarin ne ko? Ni dama tun farko na yi zargin kayan ba su da inganci. Yaya, ba dai za ki gaya masa ba?"

Ta ratse shi ta wuce, ya biyo ta a baya.

Baba na nan yadda ta bar shi, fuska a bango. Abincin rana na kan kujera ba a taɓa ba. Ta zauna bakin gadon, ta kunna na'urar.

"Baba, ba zan ce maka ka samu sauƙi ba. Ban sani ba. Ni ba likita ba ce."

Bai motsa ba, amma ta ga kunnensa ya tsaya.

"Abin da na sani shi ne motarka ba ta jin ɓangaren hagu, ko hannun wa aka sa mata. Yanzu an yi mata aiki. Akwai maɓallai biyu a baya, sai an danna su tare an riƙe har a ƙirga biyar sannan ta tashi sosai. Ni ba zan danna maka ba. In hagun ya mutu, ba za ta tashi ba, ni da kaina zan kira asibiti in ce su ba wani."

Baba ya juyo a hankali. Ya dube ta, ya dubi na'urar. Ya yunƙura ya zauna, ta sa masa matashi a baya. Ya karɓi na'urar da dama, ya ɗauko hagun ya ɗora a wurinsa, yatsun suna lalube har na tsakiya ya samu maɓallin.

"Ɗaya," in ji Yaya. "Biyu. Uku."

Yatsan ya zame.

"Kawo in danna masa," in ji Injiniya, ya matso. "Ai abu ne mai sauƙi, Baba, ba sai ka wahalar da…"

"In ka taɓa ta," Yaya ta ce ba tare da ta ɗago ba, "sai na karya maka yatsun da ka taɓa ta da su."

Ya ja da baya.

Baba ya goge tafin hagun a jikin wandonsa. Ya sake ɗora shi. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo a goshinsa. Wannan karon shi ya ƙirga da kansa, a hankali, yadda yake ƙirga tayoyi kafin ya kama hanya. A kan huɗu hannun ya fara rawa. A kan biyar na'urar ta girgiza.

Yaya ta buɗe masa shafin gwaji, ta fara nuna masa yadda kore ke bin yatsa.

"Bar min zane-zanen nan," in ji shi. "Kai ni titi."

Motar ta tashi. Baba ya ba ta totur kaɗan kaɗan, ba irin na direban bas ɗin ɗazu ba. Gadar ta taho. Tun daga nesa manuniyar hagu ta sauka kan birki, motar ta rage gudu, babban yatsan ya tura sitiyari, kan motar ya karkata, tirelar ta biyo shi a baya, katangar ta wuce ta gefe ba ta taɓa fenti ba. Ya ƙara tafiya kaɗan, ya gangara gefen titi, ya tsaya daidai kan layi.  Yaya ta ji idanunta sun cika, ta kawar da kai don ta san ba ya son gani.

"Ƙarfe nawa?" in ji Baba.

"Biyu da ashirin da biyar."

"Samo mana tasi. A ba ni takalmina."

Injiniya ya riga kowa. Ya ɗauko takalman, ya durƙusa gaban gadon, bakinsa ya buɗe kamar famfo.

"Alhamdulillahi! Ai dama na ce ƙaramar matsala ce, Baba. Ni na ce mata ta duba ɓangaren manhaja. Irin na'urorin nan haka suke, da kansu suke rikicewa. In kun tafi ka bar min ita in ƙarasa daidaita ta."

Ya miƙa hannu zai ɗauki na'urar.

Baba ya miƙa wa Yaya ita da hannun dama. Hagun kuma ya ɗaga shi da kansa, ba tare da ɗan'uwansa ya taimaka masa ba, ya sauke shi a kan wuyan hannun Injiniya, ya damƙe.

"Ranar Alhamis na tambaye ka ko wani ya taɓa min mota," in ji shi.

Injiniya ya buɗe baki, ya dubi Yaya. Ita jakarta take zugewa. Ya ɗan ja hannunsa, hannun bai fito ba. Baba kallonsa kawai yake yi, yatsun nan biyar suna rawa amma ba su saki ba. Yaya ta samu kanta tana ƙirgawa a zuci. Ta kai biyar, ta wuce, sai a kan tara Baba ya buɗe hannun.

Ya sa ƙafarsa ya jawo takalman daga gaban ɗansa.

"Uwata," ya ce, "ke za ki sa min."